Yini ɗaya a Granada da mota mai ɗaki: inda za a bar motar da yadda za a raba sa'o'in

Granada gari ne da aka gina tun ana tafiya a ƙafa da kan jaki. Tsohon birnin yana kan tuddai biyu da kogin Darro ya ratsa tsakaninsu, fadar Alhambra a kan ɗaya, unguwar Albaicín a kan ɗayan, babbar coci da kasuwanni kuma a gindinsu. Ita kuwa mota mai ɗaki, wadda za ka ga an rubuta autocaravana a allunan hanyar Sifaniya, daga gaba zuwa baya takan kai mita 6 zuwa 7 da rabi, faɗinta wajen mita 2.3 ban da madubai, daga ƙasa zuwa rufi kuma kusan mita 3. Irin wannan mota da irin wannan gari ba sa jituwa. Saboda haka abu biyu ne ke juya yinin gaba ɗaya: inda za a bar motar, da sa'ar da aka buga a tikitin shiga fadar sarakunan Banu Nasr. In waɗannan sun daidaita, sauran duk tafiyar ƙafa ce da ƙaramar bas.

Tikiti tun kana hanya

Hukumar da ke kula da fadar, Patronato de la Alhambra y Generalife, ta ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana. A watannin Afrilu, Mayu, Satumba da Oktoba tikiti kan ƙare makonni kafin ranar. Ka saya a shafin hukumar na intanet kai tsaye. Akwai wasu shafuka masu kama da shi da ke haɗa tikitin da ɗan jagora su ninka kuɗin. In an makara su ne mafita, amma ba da su ake farawa ba. Wanda kake nema shi ne Alhambra General, wajen Yuro 20, domin shi ne ya haɗa Palacios Nazaríes, wato fadar sarakunan Banu Nasr ɗin, da ganuwar Alcazaba da lambun Generalife. Akwai wani mai rahusa na lambuna da ganuwa kawai. Mai gaggawa kan danna shi, sai a bakin ƙofa ya gane ba ya shigar da shi ɓangaren da ya zo gani.

Tikitin da sunan mutum da lambar fasfonsa yake fitowa, kuma asalin fasfon ake nunawa a ƙofa, ba hotonsa a waya ba. Wannan na nufin fasfo ba zai kwana a aljihun mota ba, yana jikinka duk yini. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba sa biya, amma su ma sai an yanka musu nasu tikitin.

Sa'ar da ke jikin tikitin ta shiga Palacios Nazaríes ce kaɗai, ba ta shiga harabar ba. Wanda ya wuce lokacinsa ya rasa, ba roƙo ba magiya. Daga babbar mashiga, wadda ke kusa da wurin ajiye motoci, zuwa layin shiga fadar tafiyar minti 15 zuwa 20 ce, kuma nan ne yawancin masu makara ke faɗawa. Ana buɗewa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe ƙarfe 8 na dare daga 1 ga Afrilu zuwa 14 ga Oktoba, sauran watannin kuma ƙarfe 6 na yamma. Ba a buɗewa ranar 25 ga Disamba da 1 ga Janairu. In motarka ta kwana a tudun Alhambra, zaɓi ƙarfe 9:30. In daga wajen gari za ka shigo da bas, zaɓi 10:30 ko 11, don ka sami sararin jiran bas biyu.

Duba kalandar garin kafin ka tsayar da rana. A makon Semana Santa, wato makon da Kiristoci ke yi kafin Ista, wanda ke faɗowa a Maris ko Afrilu, ana rufe titunan tsakiyar gari saboda jerin gwano, bas kuma su sauya hanya. Haka ranar 3 ga Mayu da makon bikin Corpus.

Wanda ya taso daga Najeriya, Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Schengen, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da nasa na gida. Lasin ƙaramar mota ya isa muddin nauyin motar bai wuce kilo 3,500 ba, kuma mafi yawan motocin haya a kan wannan iyaka aka ƙera su. Tuƙi a hannun dama ne, yadda aka saba.

Inda motar za ta tsaya

Hanya uku ce, kowace da abin da za ka bayar.

Ta farko, wurin ajiye motoci na Alhambra kansa. Yana da ɓangaren manyan motoci, kuma ana isa gare shi ba tare da taɓa tsohon gari ba: daga titin da ya kewaye birnin ka shiga Ronda Sur, wato A-395, ka bi ta ramin Serrallo, sannan ka bi allunan da aka rubuta Alhambra har sama. Da sa'a ake biya, kuɗin mota mai ɗaki ya fi na ƙaramar mota nesa, in ka haɗa dare da yini zai iya fin kuɗin sansani. Abin da kake saye shi ne ka farka kusa da ƙofa. Ka iso da tankin ruwa a cike, na datti a zube, kada ka sa ran wuta ko wurin zubarwa.

Ta biyu, sansanin kwana a wajen gari. Camping Reina Isabel a La Zubia, kilomita kaɗan kudu da birnin, yana kan hanyar bas mai shiga gari. Akwai wasu a wajen Otura da Güéjar Sierra, sai dai sun fi nisa. A sansani za ka sami wuta, ruwa, wurin wanka, wurin zubar da akwatin bayi, da kuma ƙofa mai tsaro. Ga mai iyali ko wanda zai bar kwamfuta da kaya masu daraja a mota, wannan ce shawararmu. Da ka isa ka tambayi masu karɓar baƙi abu uku: inda bas ke tsayawa a gari, lokacin bas na ƙarshe, da ƙarfe nawa suke rufe ƙofa.

Ta uku, ka ajiye a gefen gari kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin birni. Layi ɗaya ne, an buɗe shi a 2017, ya tashi daga Albolote a arewa ya ratsa Maracena da Granada zuwa Armilla a kudu. Ka sauka a Recogidas, daga nan tafiyar kusan kwata ce zuwa tsakiyar gari. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi haɗari ga kayanka. Manhajoji irin su Park4night da Campercontact suna nuna wurare, amma ka karanta bayanan watannin baya-bayan nan, ba na shekara uku da suka wuce ba. Fili in ka ga fasassun gilasai a ƙasa, ka wuce. In ka ga allon da aka rubuta mercadillo da sunan wata rana, kasuwar mako ke ci a wurin, motar da aka tarar da asuba janye ta ake yi.

Abin da ba a yi shi ne bin taswirar waya zuwa "tsakiyar gari". Taswirar ƙaramar mota take lissafawa. Za ta iya tura ka lungunan Albaicín ko Realejo, waɗanda in ka san lungunan cikin birnin Kano ka san irinsu, sai dai waɗannan a kan tudu suke, da barandar gidaje da ta leƙo daidai tsayin rufinka. Inshorar haya sau da yawa ba ta biyan ɓarnar rufi da ta ƙarƙashin mota, daga kuɗin ajiyarka za a cire, kuma kuɗin ajiyar kan kai Yuro 1,000 ko fiye. Garejin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari tsayin mashigarsu bai cika wuce mita 2 ba. Ka rubuta tsayi da faɗin motarka a takarda ka manna kusa da sitiyari, domin a gaban allon gargaɗi ba wanda ke tuna lamba.

Sai kyamarori. Manyan titunan tsakiya irin su Gran Vía da Reyes Católicos an taƙaita shigarsu ga bas, tasi da masu izini. Ban da wannan, dokar Sifaniya ta 2021 ta wajabta wa duk garin da ya haura mutum 50,000 ya ware yankin rage hayaƙi, wanda alluna ke nunawa da haruffan ZBE, Granada ma tana da nata. Tarar shiga ba bisa ƙa'ida ba Yuro 200 ce. Motar haya ta Sifaniya za ta zo da sitikar muhalli a gilashin gaba, yawanci mai harafin C. In daga wata ƙasa ka ɗauko motar, duba shafin hukumar birnin kafin ka shigo. Ba ɗan sanda ne zai tsayar da kai ba, takarda ce za ta je wa kamfanin haya bayan makonni, su ƙara nasu kuɗin aiki su cire a katinka.

A Sifaniya akwai bambanci tsakanin ajiye mota da kafa sansani, kuma hukumar kula da zirga-zirga ta DGT ta fayyace shi. Muddin tayoyi ne kawai ke taɓa ƙasa, ba abin da ya leƙo waje da jikin motar, ba ruwan da ke zuba, to ajiyewa ka yi, ko da kana barci ko girki a ciki. Da ka saukar da rumfa, ka fitar da kujera da teburi, ka buɗe taga mai turawa waje, ka zama mai kafa sansani, wannan kuwa a titi laifi ne. Layin rawaya a bakin titi hani ne, shuɗi na biya ne da iyakar lokaci.

Minti ashirin kafin ka kulle

Motar za ta yi sa'a 10 zuwa 12 ba kowa, don haka akwai abin da za a bi ɗaya bayan ɗaya.

Firji shi ne na farko. In irin mai hanya uku ne, wato gas, wutar sansani da batirin mota, ka sani layin batiri yana aiki ne kawai in injin na tafiya. Wanda ya bar shi a kan batiri ya tafi yawo zai dawo ya tarar da nama ya lalace. A sansani a mayar da shi kan wuta, a fili a mayar da shi kan gas, a tsaya a ga ya kama. Wannan irin firjin ba ya son karkata, domin ruwan sanyaya shi da nauyinsa yake gangarowa a bututu. In motar ta jingina gefe ɗaya sosai sanyinsa raguwa yake yi. Kuma ya fi wahala in zafin waje ya haura digiri 32, saboda haka ka juya motar yadda gefen da ramukan iskar firjin suke zai kasance a inuwa da rana tsaka. In kuwa mai kwamfuresa ne, batirin ɗaki yake ci, a zafi yakan sha 30 zuwa 50 Ah (ma'aunin cajin batiri) a yini. Batirin gubar da aka rubuta wa 100 Ah rabinsa kawai ake amfani da shi in ana so ya daɗe. Lissafin a fili yake: ba sola ba wutar sansani, yini ɗaya ne ke gare ka.

Kashe famfon ruwa daga allon sarrafawa. In tiyo ya saki alhali famfon na kunne, zai ci gaba da turo ruwa har lita 100 ta ƙare a cikin kabad da ƙarƙashin daɓe. Kashe na'urar dumama ruwa da ta ɗaki, rufe bawul ɗin murhu. Nannaɗe rumfa ko da sama garau take, iskar la'asar kan taso daga duwatsun Sierra Nevada ta karya hannunta. Tagar rufi a bar ta a matakin shan iska mai kulle, kada a wangale. A ja labulen gaba mai mayar da hasken rana. Granada tana kan tudu, wajen mita 700 sama da teku, amma a Yuli da Agusta zafi kan kusanci digiri 40, cikin mota a rufe kuwa ya wuce haka sosai. Magani, na'urar caji da duk abin fesawa a sauke su ƙasa, nesa da gilashi. Da hunturu abin juyawa yake yi: dare kan kai sifili, kuma na'urar dumama ruwa tana da bawul da ke buɗe kansa ya zubar da ruwa in sanyi ya kai wajen digiri 3, don kada ƙanƙara ta fasa ta. In ka ga ruwa a ƙarƙashin mota da safe, fara duba wannan kafin ka tayar da hankali.

A sansani ka tambayi ƙarfin wutar da aka ba ka. In amfiya 6 ce, wat 1,380 ke nan, butar lantarki mai wat 2,000 za ta kashe layin tun kafin shayi ya tafasa, firji kuma ya yini ba wuta in ba ka lura ba.

Makullan ƙofar ɗaki da na tagogin roba ba su da ƙarfi, ɓarayi sun san haka. Fasfo, kati, kuɗi, lasin da takardar haya su bi ka. Wasu kan ɗaure ƙofofin gaba biyu da igiya mai ƙarfi daga ciki su fita ta ƙofar ɗaki. Ɗauki hoton inda ka ajiye da sunan titin.

Jaka ƙarama ce za ka riƙe, domin ba a shiga fadar da wadda ta wuce santimita 40 a tsawo da faɗi, keken jariri ma ajiyewa ake yi. Gora ɗaya ta isa, ruwan famfon garin ana sha kuma akwai wuraren cikawa. Takalmi mai kama ƙasa, don duwatsun daɓen sun goge, suna santsi ko ba ruwa.

Cikin Alhambra

Daga tsakiyar gari ƙaramar bas C30 na hawa daga dandalin Isabel la Católica. Mai ƙarfin gwiwa ya bi Cuesta de Gomérez daga Plaza Nueva, hawan minti 20 a inuwar itatuwa. Ko ta wace hanya, in tikitinka na hannu ka shiga ta Puerta de la Justicia, ƙofar da Sarki Yusuf na ɗaya ya gina a 1348. Ita ta fi kusa da layin fadar.

Tsarin da ya fi rage zirga-zirga shi ne Alcazaba, sai fadar, sai Generalife. Kowane ɓangare sau ɗaya ake shigarsa. Alcazaba ita ce mafi tsufa, daga nan Muhammad ɗan al-Ahmar ya fara ginin bayan ya karɓi garin a 1238. Minti 40 sun isa. Hau hasumiyar Torre de la Vela ka dubi Albaicín, domin a nan za ka gane hanyar da za ka bi da yamma. Ka kasance a layin fadar minti 10 kafin lokacinka.

A cikin fadar hanya ɗaya ce, ba komawa baya, don haka kada ka yi saurin wuce ɗaki da niyyar dawowa. Za ka fara da Mexuar, inda ake zaman shari'a da shawara, ka fito farfajiyar Arrayanes mai dogon tafki, ka shiga zauren jakadu a ƙarƙashin hasumiyar Comares. A nan ɗaga kai: rufin katako ne da aka harhaɗa da dubban guntaye yana nuna sammai bakwai, Suratul Mulk kuma na rubuce a ƙasansa. Sai farfajiyar zakuna ta zamanin Muhammad na biyar, zakuna 12 na marmara ɗauke da kwanon ruwa, ginshiƙai 124 kewaye da su, baitocin waziri Ibn Zamrak a bakin kwanon. Wanda ya yi makarantar allo yana da rabon da yawancin baƙi ba su da shi, domin bangon karantuwa yake yi. Taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", yana maimaituwa kusan ko'ina ka duba. Ba a taɓa bango, ba a kunna fitilar kyamara, jakar baya kuma a gaba ake rataya ta don kada ta goge sassaƙar. Ba wa wannan ɓangare sa'a ɗaya da kwata. Rukunin masu jagora in sun cika ɗaki, jira minti uku, za su wuce.

Mafitar fadar na kai ka lambun Partal, daga nan hanyar gefen hasumiyoyi ta miƙe zuwa Generalife, gidan hutun sarakunan. Ruwan da ke gudu a duk lambunan nan daga kogin Darro aka janyo shi ta magudanar Acequia Real, tafiyar kusan kilomita 6 a gefen dutse, ba inji. Fadar Carlos na biyar, sarkin Sifaniya, wadda aka fara a 1527, kyauta ake shiga, kuma gidan tarihin da ke ƙasanta ya cancanci rabin sa'a in ba Litinin ba ce. Duka-duka sa'a uku da rabi zuwa huɗu.

Gangara, abinci da salla

Kusa da mafitar Generalife akwai hanyar ƙafa, Cuesta de los Chinos, da ke bin bayan ganuwa ta sauke ka a Paseo de los Tristes cikin minti 20. Daga nan bi gefen kogi ta Carrera del Darro. A hannun dama akwai El Bañuelo, gidan wanka na ƙarni na 11, ƙarami ne, kwata ɗaya ta ishe shi.

Abincin rana a nan daga 1:30 zuwa 4 ake ci, na dare sai bayan 8:30. Al'adar garin ce a kawo ɗan abin taɓawa kyauta tare da abin sha, ko lemo ka saya, amma sau da yawa da naman alade a ciki. Kalmomin da za ka gane a takardar abinci su ne cerdo, jamón, chorizo, lomo, panceta da manteca. Faɗi "sin cerdo" tun kafin a kawo. Mafi sauƙi ka nufi Calderería Nueva da Calle Elvira, inda gidajen shayi da na abincin halal na mutanen Maroko da Sham suka jeru.

Agogon Sifaniya yana gaba da rana. A bazara azahar ba ta shiga sai wajen 2:15, magariba kuma a ƙarshen Yuni ta wuce 9:30 na dare. A Disamba azahar wajen 1:15, rana ta faɗi wajen 6. Da hunturu agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, a bazara suna gaba da sa'a ɗaya. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata kudu, wajen digiri 100. Akwai ƙaramin masallacin At-Taqwa a lungunan bayan Calderería, wanda ya dace da azahar.

Tsakiyar gari a dunƙule take. Corral del Carbón masaukin fatake ne na ƙarni na 14. Alcaicería tsohuwar kasuwar alharini ce, gobara ta cinye ta a 1843 aka sake ginawa, yau kayan tsaraba ne a ciki. Madraza, makarantar da Yusuf na ɗaya ya kafa a 1349, har yanzu ɗakin sallarta da mihrabinsa na nan. Daura da ita cocin Capilla Real, inda aka binne Fernando da Isabel, sarki da sarauniyar Kiristoci, waɗanda sarki na ƙarshe Abu Abdullahi ya miƙa wa garin ranar 2 ga Janairu 1492. In lokaci ya ƙure, zaɓi Madraza da Capilla Real ka bar babbar cocin. A wannan kewayen wasu mata kan miƙo wa baƙo reshen ganye kamar kyauta, su kama hannunsa su duba, sannan su nemi kuɗi. Hannu a aljihu, a wuce.

Garin nan yana da alaƙa da ƙasashenmu. A nan aka haifi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya yi rubutu a kan Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir a ƙarni na 16. Daga nan kuma Abu Ishaƙ as-Sahili ya fito, mawaƙin da ya bi Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324.

Albaicín da komawa

Kada ka hau Albaicín a ƙafa bayan yinin da ka riga ka yi. Ɗauki C31 daga Plaza Nueva ka sauka kusa da San Nicolás, gangarowa ce za a yi a ƙafa. Dandalin San Nicolás shi ne inda kowa ke taruwa don ganin Alhambra da duwatsu a bayanta, kuma da faɗuwar rana cunkoso ne da masu yankan aljihu. Babban masallacin Granada, wanda aka buɗe a 2003, yana maƙwabtaka da shi, lambunsa na kallon wuri ɗaya da ƙarancin hayaniya, ga wurin alwala da la'asar. Mai sauran ƙarfi ya leƙa cocin El Salvador, inda farfajiyar tsohon masallacin unguwar ke nan da bakunanta.

A nan ake yin kuskuren lissafi na ƙarshe. A Yuni, in ka jira faɗuwar rana, ka yi magariba, ka gangaro Plaza Nueva, ƙarfe 10:30 ta yi, sannan ga tafiya zuwa tashar bas ɗin La Zubia. Bas na garuruwan kewaye raguwa suke yi da dare, ranar Lahadi da ranakun hutu kuma sun fi ƙaranci. Ko ka bar dandalin sa'a ɗaya kafin bas na ƙarshe, ko ka ware kuɗin tasi tun safe ka riƙe katin sansanin da adireshi a jiki. Wanda motarsa ke tudun Alhambra, C32 na haɗa tuddan biyu kai tsaye.

Da ka iso, zagaya motar sau ɗaya da fitila kafin ka buɗe: tagogi, makullai, tayoyi, takarda a gilashi. In an fasa, kada ka taɓa komai, ɗauki hotuna, kira 112 ko 091, ka je ofishin 'yan sanda ka yi denuncia, wato rahoton ƙara a rubuce, domin ba inshorar da za ta saurare ka ba tare da wannan takarda ba, kuma ka sanar da kamfanin haya a daren. In motar ce babu, kafin ka ce sata, tambayi 'yan sandan birni ko grúa, wato motar janwe ta hukuma, ce ta janye ta.

In kuwa komai lafiya, buɗe tagogin rufi iska ta fita, duba firji da ma'aunin batiri, sannan ka kunna famfo. Da safe kafin tashi a zubar da akwatin bayi, wanda bai cika wuce lita 17 zuwa 19 ba kuma mutum biyu kan cika shi a kwana biyu zuwa uku, a wurin da aka tanada kaɗai, ba a magudanar titi ba. Ruwan wanke-wanke shi ma da nasa ramin. Kada ka cika tankin ruwa maƙil in doguwar tafiya ce a gaba: lita 100 kilo 100 ce, motar kilo 3,500 kuwa da mutum huɗu da kayansu tana iya kaiwa iyaka tun ba a zuba ruwa ba. Rufe tukunyar gas sai in motar na da bawul mai yanke kansa a haɗari, mayar da firji kan batiri, cire wayar wuta daga sandar sansani tukuna sannan daga jikin mota. In Motril da bakin teku ka nufa ta A-44, gangara ce mai tsawo, ka sauko da giya ta uku ko ta huɗu injin ya riƙe motar, kada birki ya yi zafi.